Ƙanena Ba Ya Iya Faɗin Inda Ke Masa Ciwo, Kuma Duk Abin da Ya Tsinta Sai Ya Kai Baki

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, kuma tun bayan rasuwar mahaifiyarmu riƙon ƙanena ya dawo hannuna. Shekarunsa 22, amma an haife shi da larurar da ta hana ƙwaƙwalwarsa girma daidai da jikinsa. Kalmomin da yake iya furtawa ba su wuce goma ba, kuma tun yana ƙarami yake kai duk abin da ya tsinta baki, daga soson katifa har tsakuwa. Kwana biyu bayan Babbar Sallah sai ya daina cin abinci, miyau yana ta zuba har ya jiƙa gaban rigarsa da matashin kai, idan na ba shi koko kuma sai ya dawo da shi nan take. Mai kemis ya ce maleriya ce, maƙwabciyata ta ce a ɗura masa man ja a bi da lomar tuwo, wasu dangi kuma suka ce iska ce ta taɓa shi. Sai a rana ta uku, da zazzaɓi ya rufe shi, muka kai shi babban asibiti, aka yi hoto, aka ga murfin kwalbar lemo a maƙale a hanyar abincinsa. An sa shi barci an ciro, ya yi kwana shida a kwance. Yanzu barci ya ƙaurace mini saboda tsoron kada abin ya sake faruwa, kuma zuciyata tana gaya mini cewa ni ce na yi sakaci. Baffanmu ya ce a riƙa ɗaure masa hannu ko a kulle shi a ɗaki. Ta yaya zan riƙa ganewa da wuri, kuma me zan yi don kada a maimaita?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya ƙara wa ƙanenki lafiya, ya kuma saka miki da alheri bisa wannan riƙo da kike yi.

Zan fara da batun sakaci, domin na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman inda kika yi shi. Abin da na gani shi ne mace wadda tun ranar farko ta lura da miyau a gaban riga, ta lura da kokon da ke dawowa, ta kuma tashi neman taimako. Inda aka samu tangarɗa shi ne wajen fassara abin da kika gani, domin duk wanda kika tunkara ya ba alamomin wani suna dabam. Wannan matsala ce da likitoci a ƙasashe da yawa suka san da ita: idan mai larurar ƙwaƙwalwa ya canza hali, sai a jingina canjin ga larurarsa, a ce ai dama haka yake, alhali kuwa da lafiyayyen mutum ne ya zo da irin waɗannan alamomi, da tuni an tambaye shi abin da ya haɗiya. Ƙanenki ya yi bayani da iyakar abin da yake da shi, wato jikinsa, kuma ke ce kika fi kowa jin wannan yaren. Abin da ya rage shi ne ki san waɗanne alamomi ne ba a kwana da su a gida.

A wuyan mutum akwai hanyoyi biyu da suke manne da juna. Ta gaba ita ce hanyar numfashi wadda take zarcewa zuwa huhu, ta baya kuma ita ce bututun abinci, wanda tsawonsa a jikin babban mutum ya kai kimanin santimita 25, yana bi ta tsakiyar ƙirji har ya shiga ciki. Bambanta su wajibi ne, saboda taimakon da ake bayarwa ya sha bamban. Idan abu ya faɗa hanyar numfashi, wato mutum ya ƙware har ya shaƙe, za ki ga ya kasa tari, ya kasa fitar da sauti, ya riƙe wuya, leɓɓansa suna sauya launi. A nan ba a jiran mota, domin 'yan mintoci ne kawai tsakaninsa da mutuwa. Ki sunkuyar da shi gaba, ki daki tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannunki da ƙarfi sau biyar. Idan abin bai fito ba, ki zagaya bayansa, ki dunƙule hannu ki ɗora a saman cibiya, ƙasa da ƙashin ƙirji, ki kama da ɗaya hannun ki fizgo ciki da sama sau biyar, ki ci gaba da sauya su har abin ya fito. Idan kuwa yana iya tari da ƙarfi, to ki bar shi ya yi tarinsa. Ina ba ki shawara ki roƙi wata ma'aikaciyar jinya ta gwada miki wannan a aikace, ke da maigidanki da babban ɗanku, saboda karantawa ba ta kai gani da ido ba.

Abin da ya sami ƙanenki kuwa maƙalewa ce a bututun abinci, kuma haɗarinta yana cikin yaudararta, domin mutum yana numfashi, yana tafiya, wani lokaci har yana wasa, sai a ɗauka babu gaggawa. Bututun yana da wurare uku da ya tsuke: can sama daidai gindin maƙogwaro, sai tsakiyar ƙirji inda babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya ta gitta shi, sai kuma ƙasa dab da shiga ciki. A waɗannan wurare abubuwa suka fi tsayawa. Bangon bututun kuma siriri ne, idan abu mai kaifi ko mai haƙora irin murfin kwalba ya daɗe yana danna shi, wurin yakan kumbura, ya yi gyambo, daga bisani ya huje, sai miyau da ƙwayoyin cuta su tsiyaya cikin ƙirji kusa da zuciya da huhu. Zazzaɓin da kika gani a rana ta uku yana iya zama alamar cewa an fara dosar wannan mataki, shi ya sa aka riƙe ku kwana shida.

Alamar da nake so ki riƙe fiye da kowace ita ce sabon dalalar miyau tare da ƙin abinci farat ɗaya. Babban mutum yana samar da miyau tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana, kuma yana haɗiye shi ba tare da ya sani ba. Idan hanya ta toshe gaba ɗaya, miyan ba shi da inda zai bi, sai ya taru ya zubo. Na san da yawa daga masu irin larurar ƙanenki dama suna dalala, kuma a nan ne mutane suke ruɗewa, amma ke kin san gwargwadon nasa na yau da kullum. Ranar da kika ga ya ninka, ko kika ga yana tofarwa maimakon haɗiyewa, ko yana miƙa wuya yana kakari, yana dukan ƙirji ko cusa yatsu a baki, ko ya karɓi abincin da ya fi so ya sa a baki ya riƙe ya kasa wucewa da shi, to ki ɗauka wani abu ya maƙale har sai likita ya tabbatar da akasin haka. Wani ma ba ya nuna ko ɗaya daga waɗannan sai fushi da cizon hannu da ƙin kwanciya, domin kwanciya tana sa miyau ya koma masa hanyar numfashi. Idan kuma aka samu zazzaɓi, ko kumburin wuya wanda idan an taɓa ake jin kamar ana murza leda a ƙarƙashin fata, ko aman jini, ko numfashi da ƙyar, to al'amarin ya riga ya yi nisa, ko da tsakar dare ne a fita.

Game da lokaci, ƙa'idar da ƙungiyar likitocin leƙa hanji ta Turai ta fitar a 2016 ta ce idan bututun ya toshe har mutum ba ya iya haɗiye miyansa, ko abin da ya maƙale mai tsini ne, ko batir ne, a ciro shi cikin awa biyu idan da hali, kada dai a wuce awa shida. Sauran abubuwan da ba su toshe hanya gaba ɗaya ba, kada su haura awa 24 a cikin bututun. Gaskiya ne cewa kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abubuwan da ake haɗiya suna wucewa da kansu su fita ta bayan gida, kuma wannan ne ya sa tsofaffi suke cewa a bari zai fita, don sun sha ganin ya fita. Sai dai wannan lissafi ya fi shafar abin da ya riga ya isa ciki. Abin da ya tsaya a bututu har ya hana koko wucewa yana cikin ragowar da ke buƙatar hannun likita, kuma duk awar da aka ƙara tana sa cirowar ta ƙara wuya.

Maƙwabciyarki alheri ta nufa, amma shawararta tana cikin mafi haɗari. Lomar tuwo ko ayaba da ake turawa don ta danna abin ƙasa tana iya nutsar da kaifinsa cikin bango, ko ta taru a samansa ta dawo ta faɗa huhu. Man ja kuwa idan ya shiga huhu yana haddasa ciwon huhu mai wuyar magani, kuma wanda ake ɗura wa abu da ƙarfi yana turjewa shi ya fi kowa shaƙar sa. Haka nan kada a cusa yatsa a laluba maƙogwaro, kada a jawo masa amai da ruwan gishiri. Wasu sukan ba da ruwan ɗanyar gwanda don ya narkar da nama, tunda an san gwanda tana tausasa nama a tukunya, amma sun manta cewa bututun abincin ma nama ne, kuma likitoci sun daina amfani da sinadarin gwanda tun da daɗewa saboda ya huda bututun wasu marasa lafiya. Lemon kwalba mai gas ma an gwada shi a asibitocin ƙasar Holan a kan waɗanda abinci ya maƙale wa, aka wallafa sakamakon a 2023, kuma ba a ga ya fi zama haka nan amfani ba. Akwai wani dalili na daban na barin cikinsa babu komai: za a sa shi barci kafin a ciro abin, kuma maganin barci a kan cikakken ciki haɗari ne. Su kuma dangin da suka ce iska ce, ba sai kin yi jayayya da su ba. Ki ce musu a yi addu'a da tofi a cikin mota, a hanyar asibiti.

Akwai abu guda da nake so ki ji tsoronsa fiye da murfin kwalba, wato ƙaramin batir mai faɗi kamar kwabo, irin wanda ake samu a agogon hannu, da carbin lantarki da ake maƙalawa a yatsa, da makullin mota, da na'urar gwajin sukari, da kayan wasan yara masu walƙiya, da wasu ƙananan rimot. Mafi muni shi ne mai faɗin milimita 20, wanda ake rubuta CR2032 a jikinsa, domin girmansa ya yi daidai da tsayawa a bututu. Idan ya tsaya a wuri mai danshi, wutar da ke cikinsa takan sauya ruwan wurin ya zama sinadari irin sodar da ake yin sabulu da ita, sai ya fara ƙona naman. Idan aka sa irin wannan batir tsakanin yanka biyu na ɗanyen nama aka bar shi, bayan 'yan awoyi za a tarar da baƙin zobe ya ci cikin naman daidai girman batirin, gefensa yana kumfa. A jikin mutum mummunar ƙuna tana iya samuwa cikin awa biyu kacal, kuma batirin da ya daina kunna agogo ma yana da sauran wutar da za ta yi ɓarna. Tun da tsakiyar bututun yana jingine da babbar jijiyar jini, ƙunar tana iya cin hanya har ta isa gare ta, kuma hakan yakan faru ko bayan kwanaki ko makonni da ciro batirin. Saboda haka idan kika ga murfin rimot a buɗe babu batir, kada ki jira alama ko ɗaya.

A wannan hali kaɗai ne aka yarda a ba da wani abu ta baki kafin isa asibiti, wato zuma. Binciken da aka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna cewa zuma tana lulluɓe batirin ta rage saurin ƙunar, kuma cibiyar kula da masu shan guba ta birnin Washinton ta ba da shawarar cokalin shayi biyu, wato mililita 10, kowane minti goma, har sau shida, matuƙar ba a wuce awa 12 da haɗiyewa ba, kuma yaron ya haura shekara ɗaya. Don yara aka tsara shawarar, kuma sharaɗinta shi ne mutum yana iya haɗiyewa. Idan ƙanenki yana dalala yana dawo da ruwa, a bar zumar. Ba ta maye gurbin asibiti, ba a kuma tsayawa nemanta a kasuwa, sannan ba ta da wani amfani a kan ƙashi ko murfin kwalba. Maganaɗisu ma abin kula ne, domin idan aka haɗiyi biyu ko fiye, sukan manne da juna ta cikin bangon hanji su huda shi.

Idan kun tashi tafiya, ku nufi asibitin da yake da likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko na'urar leƙa ciki, domin ƙaramin asibitin unguwa ba zai iya ciro abin ba, illa ya ci muku lokaci. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, duk suna da irin waɗannan likitoci. Ki tantance wanda ya fi kusa da ku tun yanzu, ki kuma san wanda zai ɗauke ku da mota ko a-daidaita-sahu idan dare ne. Da kun isa sashen gaggawa, kalaman da za ki fara furtawa suna da tasiri ƙwarai. Idan kika ce ba ya cin abinci, za a iya sa ku a layin masu zazzaɓi. Ki ce: ba ya magana, yana da ɗabi'ar haɗiye abubuwa, an taɓa ciro masa murfin kwalba daga hanyar abinci, kuma tun ƙarfe kaza ba ya iya haɗiye miyansa. Ki faɗi lokacin da ya ci abinci na ƙarshe da magungunan da yake sha, kuma idan kina zargin wani abu takamaimai, ki tafi da irinsa a jaka don likita ya gani.

Ki sani kuma cewa hoton ƙirji na yau da kullum ba ya nuna komai da komai. An yi sa'a murfin kwalba ƙarfe ne, shi ya sa ya fito sarai. Roba, da itace, da leda, da soson katifa, da tsinken tsire, da yawancin ƙayar kifi, da haƙoran roba ba sa fitowa sosai, wani lokaci ba sa fitowa sam. Idan aka ce hoto bai nuna komai ba alhali yana ci gaba da dalala, kada ki karɓi magani ki koma gida. Ki tambaya cikin ladabi ko za a yi hoton kwamfuta mai yanka-yanka ko a leƙa da na'ura. Ki kuma roƙi a bar ki kusa da shi har lokacin da barci zai ɗauke shi da lokacin da zai farka, saboda fuskar da ya sani tana rage turjiya fiye da hannun ƙarti huɗu. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su fifiko a layi, ta kuma tanadi kulawar lafiya kyauta ga masu larurar ƙwaƙwalwa a asibitocin gwamnati. Aiwatar da ita bai kai ko'ina ba, don haka kada ki dogara da ita ki fita hannu rabbana, amma ki nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ki tambaya.

Ciro murfin bai rufe maganar ba. Wurin da ya zauna kwana uku yana iya warkewa da tabo, tabon kuma ya tsuke hanya, sai ki ga nan da makonni ko watanni nama da tuwo suna masa wuyar wucewa, ya koma son kunu da ruwa-ruwa, yana ramewa. Idan kika ga haka, ku koma wurin likitan da ya yi aikin, domin ana iya buɗa wurin da na'ura. Idan kuma wata rana abinci ne da kansa ya maƙale masa, to a binciki bututun, saboda a cikin manyan da abinci ke maƙale wa, fiye da kashi 75 cikin ɗari akan tarar da wata matsala a bututun, kamar tsukewa sakamakon daɗaɗɗen ƙwannafi ko wani nau'in kumburi. Masu larurar ƙwaƙwalwa suna yawan fama da ƙwannafi shekara da shekaru ba tare da an sani ba, tunda ba sa iya faɗa.

Ita ɗabi'ar cin abin da ba abinci ba larura ce da likitoci suka sani, suna kiranta faika, kuma ta fi yawa a tsakanin masu jinkirin ƙwaƙwalwa da masu galahanga. Tana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, irin wanda ke sa wasu masu juna biyu kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara, ana kuma yawan ganinta ga masu sikila. Ki nemi a auna jininsa, a duba tsutsar ciki, a kuma duba haƙoransa, domin ciwon haƙori yana sa mutum tauna abu mai tauri, kuma ruɓaɓɓun haƙora suna sa a haɗiye nama ba a tauna ba. Idan yana shan maganin farfaɗiya ko na kwantar da hankali, ki kai su duka wurin likitan ƙwaƙwalwa ya duba, saboda wasu daga cikinsu suna raunana haɗiya ko su busar da baki. Amma kada ki dakatar da ko ɗaya da kanki, musamman na farfaɗiya. Bayan haka ki sayi ƙaramin littafi, ki yi mako biyu kina rubuta lokacin da yake tsintar abu, da inda yake, da abin da ke faruwa a gidan. Za ki iya gano cewa ya fi yi idan yunwa ta kama shi kafin a sauke tukunya, ko idan an bar shi zaune babu abin yi, ko idan hayaniya ta yi yawa. Kowanne da maganinsa: ɗan abin taɓawa tsakanin abinci, ko aikin hannu kamar ninke kaya da shara, ko wurin da zai keɓe. Ki kuma koya masa musaya, wato duk lokacin da ya miƙo miki abin da ya tsinta, ki ba shi abin da yake so ki yaba masa. Tsawa da fizgewa sukan koya wa mutum ya yi sauri ya haɗiye kafin a iso gare shi.

Ban ɗauki faruwar abin kwana biyu bayan Sallah a matsayin katari ba. Rana ce ta baƙi da lemon kwalba, murafe a warwatse a tsakar gida, ƙasusuwa a kwano, kowa kuma yana zaton wani ne yake lura da shi. A ranakun Sallah da biki da suna, ki ambaci sunan mutum ɗaya ki ce shi ne mai kula da shi daga yanzu zuwa la'asar, sannan wani ya karɓa. A buɗe lemo a wuri ɗaya, murfin ya tafi kai tsaye cikin gwangwani mai marfi. Wata rana da safe ki zaga gidan kina duban ƙasa da ƙarƙashin gado da bakin taga da idon mai neman abin tsinta, ki kwashe ƙusoshi, da fil ɗin mayafi, da allurai, da maɓallai, da reza, da ƙwallon dabino da na goriba. A naɗe murfin kowane rimot da salatif, sababbin batura su shiga akwati mai kwaɗo, tsofaffi kuma su bar gidan a ranar da aka cire su. Katifarsa a ɗinke ta cikin riga mai kauri wadda ba ta da zif. 'Ya'yanki huɗu su ne manyan mataimakanki a nan, idan aka fahimtar da su cewa kawunsu ba ya bambance abin ci da abin wasa, kuma aka yi musu alkawarin cewa wanda ya kawo rahoton ɓatan wani abu ba za a dake shi ba. Wajen cin abinci kuma, ya zauna a miƙe, wani babba yana kusa, a zuba masa kaɗan-kaɗan, a cire ƙashi da ƙaya tukuna, a yayyanka nama ƙanana a dafa shi ya yi laushi. Kilishi da ganda da soyayyen naman layya da ya kwana biyu ya bushe ba nasa ba ne, sai dai a daka masa ya zama dambu.

Saura maganar Baffa. Na fahimci cewa tsoro ne ya sa shi faɗin haka, kuma ba na so ki mayar masa da magana ta hanyar da za ta ɓata zumunci, amma ban goyi bayan ɗauri ko kulle ba. Wanda aka kulle shi kaɗai yakan koma kan abin da ke ɗakin, ya ɓanɓare fentin bango da siminti, ya yagi katifa da tufafinsa, kuma idan ya shaƙe babu mai gani. Igiya tana yanka fata, zaman wuri ɗaya yana sanƙarar da gaɓoɓi, sannan ranar da aka kwance shi zai fi da zafin nama wajen kai abu baki. Mun ga halin da aka fito da mutane daga gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019, kuma babu wanda zai so ɗan'uwansa ya kusanci haka ko da a cikin gidansu ne. Abin da ya dace a kulle shi ne ɗakin girki, da akwatin kayan aiki, da durowar magani. Ki je ki gaishe da Baffa, ki nuna masa murfin idan asibiti sun ba ki, ki gaya masa cewa likitoci sun fi son a sa ido a kan a ɗaure, kuma idon mutum ɗaya ba ya isa awa 24. Daga nan ki roƙe shi, a matsayinsa na uba, ya tara dangi a raba nauyin: wane zai riƙa karɓarsa ranar Juma'a ki samu ki huta, wane zai riƙe kuɗin gaggawa na mota da hoto, wane kuma za a kira idan dare ya yi. Ki rubuta larurarsa, da magungunansa, da tarihin murfin kwalbar, da lambar wayarki a kati guda, ki yi kwafi uku, ɗaya a jakarki, ɗaya a bayan ƙofar ɗakinsa, ɗaya kuma ki damƙa wa Baffa a hannunsa.